Matar Mai Shayi Ba Ta Shan Magani da Ruwa

Duk direban da ya taɓa lodi a tashar Birnin Kudu ya san dokar teburina: kofin farko ba na sayarwa ba ne. Ko motarka ta cika, ko fasinja na ta ƙunƙuni, sai ka jira ni Ɗanbala in zuba kan shayi a koren filas, in tsallaka titi in kai wa matata, in dawo. Minti goma ne, ba ya wucewa. Sababbin direbobi sukan yi mita, tsofaffin su ce musu, "Ku yi haƙuri, Hajiya ba ta sha ba tukuna." Matata Zuwaira ba ta je Makka ba, amma a tasha an daɗe da ba ta wannan suna.

Abin ya samo asali ne daga Gwaram. A lokacin ina saurayi, ba rumfa, ba tebur, daga buta sai kurfoti da kwalin kayan haɗi, ina bin kasuwanni. Ranar kasuwar Gwaram nakan kafa a gindin wata tsamiya kusa da 'yan awo. A gindin tsamiyar nan ita ma take sauke ƙwaryar kwaɗon ramar da mahaifiyarta ke ɗora mata daga Farin Dutse. Na lura duk sanda na ɗaga kofi ina sheƙa shayi daga wannan zuwa wancan, sai ta manta da masu saye ta saki baki. Ni kuwa da na gane ana kallona, sai na riƙa ɗaga hannu har ya wuce kaina. Rannan na ƙone yatsu biyu, na haɗiye ihun don kada girma ya faɗi.

Ranar da na yi ta maza na miƙa mata kofi, da hannu biyu ta karɓa. Ba ta taɓa shan mai madara ba. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Wannan ai ba abin shan kullum ba ne."

Na ce, "A gidana na kullum ne."

Ba ni da gida a lokacin, a shagon wani tela nake kwana. Amma magana ta riga ta fita, kuma daga baya da na je zance na ƙara mata gishiri: in ta yarda da ni, ba ranar da rana za ta fito ba ta sha shayin hannuna ba. Ita kuma a madadin kofin nan ta ɗebo mini kwaɗo a ganye. Na ci ina yatsina fuska, wai ni ɗan birni, alhali daɗinsa har kunnena.

Mahaifiyarta, Inna Barira, ba ta ɗauke ni da wani muhimmanci ba. Da manyana suka je neman aure, an ce daga cikin ɗaki ta ce, "Mai sayar da ruwan zafi? To me yarinyar za ta ci?" Wata gwaggo mai saurin baki ta kawo mini maganar da ɗuminta. An ba ni Zuwaira, amma kalmar nan ta zauna mini a ƙirji shekara ashirin da shida. Na ƙudurta sai na nuna wa tsohuwar nan abin da ruwan zafi ke iya yi.

Na kuwa nuna. Na kafa tebur, na yi rumfa, na gina ɗaki biyu da kwano. Gidana ya zama gidan burodi da ƙwai da taliya da farar shinkafa. Duk kaka Inna takan aiko da buhu: busasshen zogale, rama, yakuwa, wake, daddawa a ƙulle cikin tsumma. In na shigo na ji warin daddawar sai in ce, "Ah, an kawo wa awaki nasu ke nan." Zuwaira ta yi dariya. Da farko takan dafa in na fita, daga baya ta fara rabar wa maƙwabta, har ta kai buhun ba ya kwana uku a gidan. Ni a ganina ci gaba muka samu.

Tsakanina da Inna kuwa sai gaisuwa. In na je Farin Dutse nakan cire takalmi, in durƙusa daga bakin ƙofa, in gaishe ta kaina a ƙasa, ta amsa tana kallon wani wuri. Kafin a sauke tukunya na kama hanya, don suruki ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Ita ma tana da tata kunyar. Zuwaira ce 'yarta ta fari, saboda haka ko sau ɗaya ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "mutuniyar taku", har bayan yarinyar ta aurar da 'ya.

Bara waccan ciwo ya shigo mana. Ashe ya daɗe da shigowa, ni ne ban gani ba, don irin ciwon da mata ke ɓoyewa ne. Jinin al'ada ne yake zuwa ya ƙi ɗaukewa. Abin da na fara lura da shi, sharar tsakar gida da take gamawa kafin in dawo da filas, yanzu sai ta huta sau biyu. Tana hawa dakali tana haki. Ga wata sabuwar ɗabi'a ta cin ƙanƙara, tana gurguza ta kamar gyaɗa, kuma wata rana na tarar da farar ƙasa ɗaure a bakin zanenta. Na yi mata tsiya na ce ko mun samu ƙaruwa ne da tsufanmu. Bayan kwana biyu ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo.

A babban asibiti aka yi mata hoton ciki. Likita ya ce ƙari ne a mahaifa, ba mugun ba, amma shi ke jawo zubar jinin, kuma sai an yi tiyata an cire. Na ce a yi yau. Ya juyo mini da takardar gwaji ya nuna lamba da biro.

"Malam, jininta ashirin da uku ne. Ba na son in taɓa ta sai ya kai talatin."

"To a ƙara mata nawa."

Aka gwada nawa, bai dace ba. Aka gwada na 'ya'yanmu biyu da suka isa bayarwa, bai dace ba. Ashe jininta irin mai wuyar samun nan ne. Da kyar aka yi alkawarin leda ɗaya, ita ma likita ya ce ta ranar aiki ce, ba za a taɓa ta ba. Abin da ya rage shi ne jikinta ya haɗa jininsa da kansa. Ya rubuta maganin rage zubar da wasu jajayen ƙwayoyi na ƙarin jini, ya ce mu dawo bayan wata biyu.

Ni na je tagar karɓar magani. A nan zan faɗi gaskiya, don na daɗe da daina yi wa kaina ƙarya a kan wannan. Mutumin ya miƙo mini ƙwayoyin ya ce, "Ɗaya da safe, da ruwa. Kada a haɗa da shayi ko madara." Na ji shi sarai. Na ce to. Ina juyawa na yi murmushi, na ce a raina wannan bai san da wa yake magana ba. Matar mai shayi ta haɗiyi magani da ruwan randa, cikinta ba komai, kamar marar gata? Ina raye? Ban ma ga abin faɗa wa Zuwaira a ciki ba.

Sai ma na ƙara ƙaimi. Na ninka ganyen shayi har sai ya yi baƙi wuluk, na zuba madara cokali uku maimakon biyu, don kowa a tasha ya san madara jini ce. Direbobi suka kawo tasu gudummawar: baƙin lemon kwalba da madarar gwangwani, a haɗa a kaɗa, wai jini sai ya yi mata yawa. Shi ma na haɗa. Da na ga abinci ba ya shigarta, na mai da shayin sau uku a rana. Kullum da safe ni nake ɓallo ƙwayar, in sa mata a tafin hannu, in riƙe kofin har ta haɗiye. Wata biyu cur ko fashin kwana ɗaya ba mu yi ba. Har ina faɗa wa mutane a shirya zuwa dubiya.

Ranar da muka koma, takarda ta ce ashirin da huɗu.

Likita ya dube ta, ya dubi Zuwaira. Ya tambaya ko tana shan maganin, ta ce wallahi ba ta taɓa tsallakewa ba. Ya tambaya game da zubar, ta ce ta ragu sosai. Ya buga biro a tebur, sannan ya tura mu wurin wata ma'aikaciya mai ba da shawara kan abinci, Sista Hidaya. Sa'ar 'yata ce, mai sanyin murya, amma tambayarta kamar ta alƙali.

"Hajiya, faɗa mini tun daga tashinki. Me ke fara shiga bakinki?"

Zuwaira ta gyara mayafi. Duk da rashin ƙarfin, na ga alfahari a fuskarta. "Shayi. Malam ke kawo mini da hannunsa, tun ranar da aka kawo ni gidansa. Da shi nake haɗiyar maganin."

"Mai kauri?"

Na karɓe zancen. "Irin wanda ba a samu a ko'ina, Sista."

Ta ajiye biro. Ta yi mana bayani a hankali, yadda ko ni na gane. Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ce, da shi jiki ke gina jini. Ganyen shayi kuma yana da wani abu da ke kama ƙarfen nan tun a ciki, ya hana hanji tsotse shi, madara ma tana taya shi. In aka haɗa su lokaci ɗaya, mafi yawan maganin wucewa kawai yake yi. Haka ɗan ƙarfen da ke cikin abinci, in aka bi shi da baƙin shayi. Lemon kwalba da madarar gwangwani kuwa, ta ce, sukari ne da daɗin baki.

Sannan ta ce, "Amma ba a faɗa muku ba a wurin karɓar magani?"

Zuwaira ta ce, "Ba a faɗa ba."

Da na yi shiru, da maganar ta wuce. Amma na dubi hannunta a kan gwiwa, faratan fari fat, na kasa.

"An faɗa. Ni aka faɗa wa."

Zuwaira ta juyo ta dube ni. Ba ta harare ni ba, da ma hararar ta yi. Kallon mamaki ne kawai, irin na wanda ya jingina da bango bangon ya goce. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Sista ba ta yi mini faɗa ba, ta ɗauki takarda ta shiga rubutu. Ƙwaya da ruwa, a bi ta da lemo ko gwaiba, don tsamin yana taimaka wa ƙarfen shiga jiki. Shayi ba haram ba ne, amma a ba shi tazarar awa biyu daga magani da abinci. Hanta in an samu, wake, zogale, rama, daddawa, a matsa lemon tsami a kai. Ta tsaya ta ce, "Hajiya, a ina kika girma?"

"Farin Dutse."

"To ai kin fi ni sanin abin da nake rubutawa." Ta miƙo mini takardar. "Wata biyu kuma, Malam. Likita ba zai iya ta jira ba. In zubar ta dawo da ƙarfi jininta na nan inda yake, aikin gaggawa za a yi, da leda ɗaya."

Muka dawo gida da Zuwaira. Sai da ta zauna a bakin gado ta huta sannan ta ce, "Malam, ai da ka faɗa mini." Bayan wani lokaci ta ƙara da cewa, "Ka kai ni wurin Inna." Ta rantse mini ba fushi ba ne, 'yarmu tana Kano da ɗanyen jego, ita kuma ba ta da ƙarfin tsayuwa a murhu. Na yarda da ita. Amma shekara ashirin da shida ba ta taɓa yaji ba, kuma ni a zuciyata yajin na ji.

Washegari muka shiga motar Gwaram, daga can muka hau babur. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, hanya duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna Barira ta tsufa, ta ƙanƙance, tana zaune da ƙanin Zuwaira da iyalinsa, amma murhunta daban, ba ta yarda kowa ya dafa mata ba. Ta fito ta kama fuskar 'yarta, ta ja fatar idon ƙasa da yatsa, ta juya tafin hannun ta duba. Ba ta dubi inda nake durƙushe ba. Ta ce, "An shanye ta."

Na ciro takardar Sista na shiga karantowa da ɗan bokon da nake da shi. Ina cewa wake, zogale, rama, Inna na gyaɗa kai. Da na gama ta ce, "Ikon Allah. Sai an yi boko kafin a san wake abinci ne."

"Inna, ta kuma ce kada a sa kanwa a ganye, wai tana kashe amfaninsa."

Tsohuwa ta riƙe haɓa. "Yau kuma ni za a koya wa dafa rama." Ta yi ta mita har na fita zaure. Amma daga baya Zuwaira ta faɗa mini tun daga ranar ƙullin kanwar bai sake sauka daga saman danga ba.

Safiyar farko da na yi ni kaɗai, hannuna ya yi abin da ya saba. Na zuba kan shayi a filas, na tsallaka titi, sai ga ni tsaye gaban ƙofa a kulle, da kwaɗon da ni na datse da hannuna. Na dawo na tura filas ƙarƙashin tebur. Direbobi na zaune a benci, mutanen da ko a jana'iza sai sun sami abin tsokana, amma ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya fi tsokanar ciwo. A ranar na wanke filas ɗin na kife shi, na rantse ba zan sake ba ta shayi da hannuna ba.

Duk Lahadi nakan rufe tebur, abin da ko ranar Sallah ban cika yi ba. Da sassafe in je wurin mahauta in karɓi hanta tun da ɗuminta, in haɗa da lemo da gwaiba, in kama hanyar Gwaram. Na fara sanin gidan da na shekara ashirin da shida ina tsayawa a bakin ƙofarsa. Ashe dangar bayan ɗakin Inna duk zogale ce. Ashe ita take yin daddawarta da kanta har yanzu, da hannuwan nan da suka karkace. Zuwaira takan zauna a tabarma tana tsinke ganye, Inna na daga gefe tana faɗa ita kaɗai, kaji na yawo tsakaninsu. Wani lokaci in ta sunkuya kan ƙwaryar, sai in ga yarinyar gindin tsamiya.

Sati na uku ta ce mini sha'awar farar ƙasar ta tafi. Sati na huɗu, da ta rako ni zaure, ta rage murya kamar zamanin zance ta ce, "Ba ka zo da shi ba?"

"Ban zo da shi ba."

"Sista fa ta ce bayan awa biyu ba laifi."

"Ni dai ba da hannuna ba."

Ta ce, "Malam, kai ka yi laifin, ni kuma ake hora." Na san gaskiya ta faɗa, amma tsoro ya riga ya shige ni.

A sati na biyar ne, ina zaune a inuwa ina shirin sallama don na ji ƙanshin an kusa saukewa, sai ga Inna da kanta ɗauke da ƙwarya. Ta dire a gabana. Dambun zogale ne, da ƙuli da man gyaɗa da albasa, an matsa lemon tsami. Na jira ta koma ɗaki. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Ci."

"Inna, na ƙoshi."

"Shekara ashirin da shida kana ƙoshi a gidan nan. In ba ka san daɗinsa ba, wa zai bari a dafa shi in ta koma? A sake rabar wa maƙwabta?"

Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta san inda buhunta ke zuwa, ba ta fasa aikowa ba.

"Ci," ta sake cewa. "Na kau da kai."

Ta juya kujerar ta ba ni baya, ta fuskanci bango. Na wanke hannu na sa loma. Nan take kasuwar Gwaram ta dawo mini gaba ɗaya: hayaniyar 'yan awo, hayaƙin kurfoti, kwaɗo a ganye, da ni ina yatsina fuskar ƙarya. Na tuna kiran da nake wa abincin nan na awaki, matata na dariya don kada in ji kunya. Hawaye suka zubo mini, na ja hanci na ce, "Kai, yajin nan da ƙarfi yake."

Inna ta ce wa bango, "Ba yaji a ciki."

Na cinye tas, har na suɗe ƙwaryar.

Lahadi ta bakwai tun daga waje na jiyo daka. Ina shiga na tarar Zuwaira ce riƙe da taɓarya, tana gumi, Inna na cewa ta ajiye, tana cewa saura kaɗan. Ban ce komai ba don kada in yi mata baki, amma a mota ina ta murmushi ni kaɗai har na kusa da ni ya matsa.

Da wata biyu ya cika na ɗauko ta. A bakin ɗakin gwaji na kasa zama, na kasa tsayuwa. Aka miƙo mini takardar. Turancin da ke jiki ba nawa ba ne, amma lamba na sani: uku da ɗaya. Talatin da ɗaya. Na duba sau uku, sannan na kai wa Sista Hidaya ita ma ta duba mini. Ta yi dariya ta ce a gaishe mata da tsohuwar, kuma kada a daina shan ƙwayar, don abinci da magani tare suka yi aikin.

Aka sa ranar tiyata. Ana gobe sai ga Inna ta sauka daga babur da ƙullin kayanta, wai ita za ta yi jinya. Rabonta da Birnin Kudu tun sunan 'yarmu ta fari. Da safe aka shiga da Zuwaira. Ni da Inna muka zauna a benci ɗaya, ita a wannan ƙarshen ni a wancan, tana jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Wajen azahar likita ya fito ya ce alhamdu lillahi, an cire, ta zubar da jini amma jikinta ya ɗauka, ledar nan ma ba a buɗe ta ba. Na durƙusa a wurin na yi sujada. Da na ɗago, Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Kwana ɗaya ba a ba ta komai ta baki ba, sai ƙarin ruwa. Leɓɓanta suka bushe suka tsattsage. Washegari da hantsi likita ya zo zagaye, ya saurari cikinta, ya ce hanji ya fara motsi.

"A fara ba ta ruwan shayi. Tsinkakke, ba madara, kaɗan-kaɗan."

Na ɗauka tsokana ce, ko Sista ta ba shi labarina. "Likita, shayi fa ka ce?"

"Shayi. Ƙwayar jini sai ta fara cin abinci, yau ba abin da zai hana." Ya wuce gado na gaba.

Wata baiwar Allah mai jinya a gefenmu ta miƙo filas ɗinta ta ce ga shi da zafinsa. Zuwaira ta girgiza kai a kan matashi. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, na tuna rantsuwata, na tuna ashirin da huɗu. Sai na ji muryar Inna, kuma karon farko a rayuwata ni take kallo ido cikin ido.

"Mai ruwan zafi, tsayuwar me kake yi? Zuwaira ba ta shan na kowa."

Zuwaira ta buɗe ido. Shekararta arba'in da biyar a duniya, ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Inna kuwa ta shiga gyara ƙullin kayanta kamar ba ita ta yi magana ba.

Ban san yadda na isa tasha ba. Na hura wuta, na wanke koren filas ɗin da ya yi wata biyu a kife, na haɗa shayin da ya fi kowanne rashin kauri a tarihin sana'ata, irin wanda da wani ya ba ni a da sai mun yi faɗa. Direbobi suka ga na rungumi filas na tari babur, wani ya ɗaga murya, "A buɗe hanya, Hajiya za ta sha!"

Da hannu biyu ta karɓi kofin, ina tallafe da kanta. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Malam, hannunka ya lalace." Tana faɗa hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta.

Sai ga wata 'yar moɗa an miƙo ta gefena. Inna ce. "Zuba mu ji abin da aka raba ni da yarinyar nan a kansa."

Na zuba mata a durƙushe. Ta hura, ta kurɓa, ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya, ta shanye.

"Ba laifi," ta ce. "Amma dai ba abinci ba ne."

Inna Barira ta rasu a daminar da ta biyo baya, bayan kwana uku na zazzaɓi. Kafin nan ta sa an saro mini rassan zogale shida daga dangarta, na kafa su a bayan ɗaki, biyar sun kama. Zuwaira ta gama shan ƙwayoyinta, dokar tebur ta dawo yadda take, sai dai yanzu shayi da safe, abinci sai hantsi. Buhun kaka ne ba ya zuwa. Duk Lahadi takan yi dambu, ta dire mini ƙwarya a inuwa, ta koma ɗaki ta bar ni, don ta san yadda nake yi da lomar farko. Har yau ba ta sa yaji a ciki.